Shekarar Da Na Kira Ciwona Da Sunansa

'Ya'yana da jikokina, akwai wani zance da ke yawo a cikin dangi, har ya kai kunnen waɗanda ke zaune a Kano da Damaturu, wai ni ce na kwashi 'ya'yan ɗana Adamu a ɓoye na kai aka yi musu allura ba da sanin ubansu ba. Ba haka aka yi ba. Tunda Allah ya ara mini kwana, gara ku ji daga bakina, domin zance idan ya bi ta baki goma sai ya fito da ƙaho. Amma kafin in kai ga allurar, dole in fara da Ya Falmata.

Ya Falmata yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Nguru aka haife mu, bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu har aka kawo ni Gashuwa gidan babanku. Manyan cikinku sun san ta, doguwa, mai tsabtar da ko kaza ba ta yarda ta taka mata tsakar gida ba. Wannan mata ita ce ta yi kusan shekara biyu tana zubar da jini ba ta gaya wa kowa ba. Da na je duba ta na iske ɗakinta ya turnuƙe da turaren wuta, ko fuskarta ba na gani sosai. Na zaci son ƙamshi ne irin namu na gado. Sai da na zauna kusa da ita na gane abin da turaren yake rufewa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce ciwon mata ne kawai, aka yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu. Ranar da aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a, an makara. Ni na yi mata wanka. Har aka rufe ta babu wanda ya faɗi sunan abin da ya kashe ta, don babu wanda ya sani a cikinmu.

Shekaru suka shuɗe. Na aurar da ku, na ci gaba da sana'ata ta bandar kifi, babanku yana fadamarsa ta shinkafa a bakin kogi. Jinin al'ada ya daɗe da ɗauke mini, har na manta da sha'aninsa. Sai wata safiya bayan an gama yankan shinkafa, na je kama ruwa na ga ɗigon jini. Na ce ko ɗaukar kwandon kifi ne. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, sannan wani ruwa-ruwa ya biyo baya wanda ba ya yankewa. A garin nan kun sani, idan mutum ya fara rama ƙoda ake fara zargi, kuma da ƙodar ce da na faɗa tun ranar farko. Amma wannan ta ina zan fara? Wa zan gaya wa? Na shiga kasuwa na sayo turaren wuta.

A lokacin Adamu da matarsa Maryam suna sashen gabas na gidan nan, da 'ya'yansu mata biyu, Hadiza da Zara. Maryam yarinya ce mai ido amma mai kawaici. Wata rana ta shigo mini da kunu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kore hayaƙi da hannu.

"Inna, turaren nan bai yi yawa ba kuwa? Ko baƙi za a yi?"

"Sauro nake kora," na ce mata.

Ta ajiye kunun ta fita.

A cikin wannan damuwa ne wasu mata suka fara bin gidaje a unguwarmu. Daga jami'ar garin nan suke, tare da ma'aikatan lafiya, suna binciken abin da mata suka sani game da wata cuta, da kuma ko iyaye za su yarda a yi wa 'ya'yansu mata rigakafinta idan allurar ta iso jiharmu. Wadda ta shigo mana ita ce Malama Rakiya, ungozoma ce da ke koyarwa, 'yar unguwar Katuzu, Hausarta da ɗan karin Badanci. Muka yi mata lale, ta zauna a tabarma kamar 'yar gida, har ta taya ni juya kifi a kan banda. Ta tambaye mu ko mun taɓa jin sankarar bakin mahaifa. Na ce a'a. Sai ta fara lissafa alamominta a hankali, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai wari, ciwon mara da baya. Ina jin ta, amma ɗakin Ya Falmata nake gani. Sai a ranar, bayan shekaru masu yawa, na ji sunan abin da ya ɗauke mini 'yar'uwa. Kifin da ke hannuna ya faɗi cikin toka.

Malama Rakiya ta ce duk wadda take so za a duba ta kyauta a ƙaramin asibitin unguwa, mata ne zalla za su duba. Da ta tafi, Maryam ta zo ta durƙusa a gabana, kanta a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini idan na yi rashin kunya. Ni nake share bayan ɗakinki, na ga tsummokaran da kike binnewa. Gobe zan je a duba ni. Don Allah ki raka ni, tsoro nake ji."

Ba tsoro take ji ba, ni ma na sani, ita ma ta san na sani. Ta dai ba ni mayafin da zan rufe kunyata ne. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Aka duba Maryam, lafiya lau. Da aka zo kaina, Malama Rakiya ta ce ta ga wani abu da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai mu je Nguru. A ranar na gaya wa babanku, bayan ya dawo daga sallar la'asar. Kun san shi, ba mai yawan magana ba ne. Ya saurara har na gama, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Kulu, tun yaushe?"

"Tun yankan shinkafa."

"Kuma ina gidan nan ina cin tuwonki kullum." Ya girgiza kai. "Da asuba za mu tafi."

Hanyar Nguru na bi ta ba adadi, biki da suna da ta'aziyya, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Da muka wuce Jajimaji na fara karanta duk addu'ar da na iya. Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta kai Adamu shekaru ba. Ta yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa ta ce za a aika Kano a gwada, mu koma gida mu jira. Jiran nan shi ne mafi wuya a duk abin da ya same ni. Ina banda, ina dariya da masu saye, amma a raina ina rabon kayan ɗakina, wannan kwalla ta wance, wannan zane na wance.

Da aka kira mu muka koma, likita ta zaunar da mu ta ce sankara ce. Na ji babanku ya ce innalillahi a hankali. Sai ta ɗaga hannu.

"Baba, ku bari in ƙarasa. Sankara ce, amma ƙarama ce, ba ta fita daga inda ta tsiro ba. Idan muka cire mahaifar, ina da kyakkyawan zato Mama za ta tashi. Kun zo a kan lokaci."

Kun zo a kan lokaci. Ban san sanda na kama hannun likitar nan na riƙe ba. Mahaifar da ta ɗauke ku ku bakwai ta gama aikinta, na ce su ɗauka, na yafe.

Amma akwai maganar da ta biyo baya, wadda ta fi yi wa babanku nauyi. Ya tambayi me ke kawo wannan ciwo. Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce da suke kira HPV, tana bi ta tsakanin mace da namiji a shimfiɗa. Ta ce yawancin mutane suna haɗuwa da ita a rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jiki ya kore ta da kansa, amma a jikin wasu mata takan laɓe shekara da shekaru har ta zama sankara. Sai babanku ya ce:

"Ke nan ni na sa mata?"

"Babu wanda zai iya cewa haka, Baba, kuma babu laifin kowa. Matan da ba su taɓa sanin kowa ba sai mijinsu suna samunta. Cuta ce kamar kowace cuta."

Muka hau mota muka dawo gari. Da muka sauka ya karɓi jakata ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu, muka ratsa unguwa a haka mutane suna kallo.

Aka yi tiyata, Allah ya ba da sa'a. Da aka sake gwada abin da aka cire, aka ce gefensa duk tsaf yake, ba a bar komai a baya ba. Maryam ce ta yi jinyata. Ku kuwa maza, abin da aka gaya muku shi ne ƙari ne a ciki aka cire. Ni na ce a faɗi haka. Ta yaya uwa za ta dubi ɗanta namiji ta kira masa wannan wuri? Na dawo gida ina takawa da sanda, na ci burabusko da miyar kuka na ji ɗanɗanonsa kamar ban taɓa ci ba. Ko kukan jakin maƙwabta da ke hana ni barcin rana sai na ji yana yi mini daɗi.

Ina cikin farfaɗowa, ana gab da faɗuwar damina, allurar ta iso. Aka yi shela cewa za a yi wa 'yan mata daga shekara tara zuwa sha huɗu, sau ɗaya, kyauta, a makarantu da asibitoci. Hadiza da Zara duk sun shiga ciki. Kafin masu allura su iso, jita-jita ta riga su. A waya ake turo murya, wai an kawo ta ne don a hana 'ya'yanmu haihuwa, in ba haka ba me ya sa mata kaɗai, me ya sa ƙanana? Adamu ya shigo gida ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa masa 'ya'ya, ranar allura ma ba za su je makaranta ba. Ban ga laifinsa ba. Uba ne, tsoro yake ji, kuma cutar da ake cewa za a kare bai taɓa ganin ta ba. Bai san ta kwana a sashen yamma na gidan ubansa ba.

Maryam ta zo mini da hawaye, ta ce in ba ta izini ta gaya masa gaskiya. Na hana ta. Ita kuma ta kawo shawarar mu kai yaran ta ƙofar baya, nan ma na ce a'a, 'ya'yansa ne, ba za a yi masa haka ba. Ina jin daga nan ne wancan zance ya samo tushe, wani ya ji rabin magana ta kan katanga.

A makon ne Malama Rakiya ta zo Islamiyyarmu ta matan aure don ta yi bayani. Tun kafin ranar na sami babanku na ce ina so in tashi in faɗi abin da ya same ni, amma sunansa ne zai shiga bakin mutane tare da nawa, don haka sai da yardarsa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Za su yi da mu, Kulu."

"Na sani, Malam."

"Da wata ta tashi ta faɗa a gaban Falmata, da wataƙila tana nan." Ya tura carbin a aljihu. "Ki faɗa. Bakin mutane bai taɓa hana shinkafa nuna ba."

Ranar, mata sun cika aji har waje. Malama Rakiya tana magana ana gunaguni, wata ta ce su ba su taɓa ganin mai wannan ciwo ba, ciwon Turawa ne. Sai na dafa sandata na miƙe. Na ce ga mai shi nan a gabanku, ni Hauwa matar Malam Bukar, wadda kuke sayen kifi a hannunta. Na ba su labarin Ya Falmata da turarenta, na ba su nawa. Na ce ni an cire mini mahaifa na rayu, ita ba a ko san abin da za a cire ba.

Abin da babanku ya hango bai ɓata lokaci ba. Kafin magariba zance ya zaga unguwa, kuma ya sauya kama. Wasu suka ce ciwon matan banza ne, to a ina Hajiya Kulu ta samo? Wasu suka juya kan babanku, aka tono tafiye-tafiyen da ya yi kudu da kifi tun yana saurayi. Wasu masu saye suka daina zuwa, wai kada a ɗauka a kifi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Hajiya Gambo, aminiyata ta shekara da shekaru, wadda muka yi Makka tare. Ta aiko a gaya mini na zubar da mutuncin tsufa, abin da zane ya rufe ba a kai shi aji. Har yau idan muka haɗu a gidan biki gaisuwa ce kawai, ba ta sake taka gidan nan ba. Ina kewarta, ba zan ɓoye muku ba.

Adamu kuwa a kasuwa ya ji, a bakin abokan cinikinsa. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya tsaya a ƙofar ɗakina, idanunsa jajur.

"Inna, a kasuwa zan ji? Duk garin nan ya san ciwon uwata, ni ban sani ba?"

"Shigo ka zauna."

"Ƙari kuka ce mini."

"Kunyarka na ji. Yanzu kuma na ajiye ta. Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma, ya juya mini gefe, ni ma na dubi bango, a haka na gaya masa komai. Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba, ta ajin ma ba ta kai ta ba. Da na gama ya daɗe yana murza yatsunsa, sannan ya ce:

"To idan aka yi musu, suka girma ba su haihu ba fa? Me zan ce musu?"

"Haihuwa ta Allah ce, ni ba zan yi maka alkawarin abin da ba nawa ba. Kuma ba zan tilasta ka ba. Ka je ka tambayi waɗanda suka sani, ka tambaye su da zafin da ka shigo mini da shi."

Ya je. Shi da Maryam suka sami Malama Rakiya, kuma Maryam ta ce mini bai raga mata ba ko kaɗan. Ta amsa masa cewa ƙanana ake yi wa domin rigakafi kafin haɗuwa da cuta yake aiki, kamar yadda ake ɗaure shinge kafin awaki su shiga. Ta ce an daɗe ana yin allurar a wasu ƙasashe, an bi 'yan matan da aka yi wa har suka yi aure suka haihu, masu bincike ba su ga ta taɓa haihuwa ba, sun dai ga sankarar ta ragu ƙwarai a cikinsu. Ta ce ko an yi musu, idan sun girma su riƙa zuwa ana duba su. Daga ƙarshe ta kira 'yarta ta cikinta, ta ɗaga hannun rigarta ta nuna masa inda aka yi mata. Bai ce ya yarda ba, ya dai yi godiya ya fito. Ya kwana biyu ba ya shiga zancen da kowa, har na fara cire rai.

Ranar ƙarshe ta allurar, da hantsi, ina zaune ina tsince shinkafa sai na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Adamu ne, ya ɗora Hadiza da Zara a baya, Zara tana ta kumbure-kumbure don tsoron allura. Ya leƙo zaure ya ce, "Inna, mun tafi," kamar wanda zai je sayen gishiri. Shi ya kai su, shi ya riƙe hannun Zara aka yi mata, shi ya dawo da su da rake a hannu. Hannun Hadiza ya yi tsami kwana ɗaya, shi ke nan. Wannan shi ne gaskiyar abin da ya faru, duk wanda ya gaya muku wani abu daban ku karanta masa wannan.

Daga baya mata sun riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, kowacce da hujjar sayen kifi, sai an naɗe mata a takarda ta rage murya ta ce, Hajiya, wancan gwajin, da zafi? Na raka da yawa. Biyu daga cikinsu an ga abin tun bai zama sankara ba, aka magance shi a zama ɗaya suka koma gida da ƙafafunsu. Ɗaya kuma an makara, Allah ya ji ƙanta.

Da shekara ta zagayo, lokacin komawata Nguru a sake duba ni ya yi. Adamu ya ce shi zai kai mu, ya aro a-kori-kura ta abokinsa da zai aika buhunan busasshen barkono can, muka zauna a gaba ni da babanku. A asibiti ya ƙi jira a waje, ya zauna a benci cikin mata, dogon mutum da gemu, suna ta satar kallonsa. Da likita ta gama dubawa ta kira su ciki, ta ce ba ta ga komai ba, jikina ya warke sarai, sai dai in riƙa zuwa a kan lokaci. Babanku ya ce alhamdulillahi sau uku. Adamu ya tashi ya fita da sauri.

Muka same shi a bayan mota, ya kifa goshinsa a kan buhu, kafaɗunsa suna rawa. Na buɗe baki zan yi magana, babanku ya taɓa mini hannu. Ya ƙarasa ya daddaɓa buhun, ya shaƙa, ya goge nasa idon da bakin riga.

"Kai, barkonon bana da ƙarfi yake," ya ce. "Shiga mota, Kulu, kada ke ma ya kama ki."

Na shiga, amma ya riga ya kama ni.